Waswasi Ba Ya Jin Tsawa: Martani Ga Malamin Dinawa

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa, malamin makaranta daga Dinawa, ya rubuta a kan waswasi da munanan tunane-tunanen da ke hana mutane sakat a yankin Wurno da Rabah da Goronyo. A ganinsa, duk wanda mugun tunani ya addaba, shi ya ba shi wurin zama. Magani kuwa, in ji shi, bai wuce mutum ya ɗaure ya daka wa tunanin tsawa da zarar ya leƙo ba, ya sa ido a kan zuciyarsa dare da rana kada ya dawo, sannan ya kame bakinsa, domin faɗar abu raya shi ne. Ya rufe da cewa kai irin waɗannan mutane asibiti ɗabi'ar Turawa ce da 'yan boko suka jajibo mana, kuma wanda imaninsa ya cika ba ya waswasi.

Ba na shakkar niyyar Malam. Sai dai shawarar tasa ba baƙuwa ba ce wurin mai ciwon. Ita ya fara gwadawa tun kafin kowa ya san halin da yake ciki, ita yake yi kullum, ita ce kuma ta kai shi inda yake.

Kusan kowane masallaci yana da irinsa, in an lura. Shi ne farkon zuwa wurin alwala, shi ne na ƙarshen tashi. Ya wanke fuska, ya wanke hannun dama, ya tsaya yana kallon gwiwar hannun. Anya ruwa ya kai nan kuwa? Ya sake. Ya zo shafar kai sai ya ji kamar bai yi niyya ba, ya koma farko. Buta ta ƙare, ya ari ta maƙwabcinsa. Ladan ya ta da iƙama, an kai raka'a ɗaya yana nan tsugune, ga hunturu, fatar hannunsa duk ta tsattsage. Da ya samu shiga sahu, kabbarar harama ta zama wani sabon aiki: ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, har na kusa da shi ya zungure shi. Yana tsakiyar Fatiha sai wata kalmar saɓo, wadda ko mahaifiyarsa ba zai iya maimaita wa ba, ta faɗo masa a rai. Ya runtse ido, ya cije, ya kore ta. Kafin ruku'u ta dawo. In wani dattijo ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, fid da abin ga daga ranka," amsarsa ɗaya ce: "Baba, wallahi ban son shi, shi ka zowa da kainai."

To, Allah gafarta Malam, wace tsawa ce ta rage wadda wannan bawan Allah bai daka ba?

A 1987 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Daniel Wegner, da abokan aikinsa suka gwada wannan shawara a kan ɗaliban jami'ar Trinity da ke Texas. Aka ce kowanne ya zauna minti 5 yana faɗin duk abin da ya zo masa a rai, amma kada ya tuna farin beyar, wata dabbar ƙasashen ƙanƙara. Duk sa'ad da ta faɗo masa, ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, fiye da sau ɗaya a minti. Daga baya aka sake su, aka ce yanzu ku tuna ta son ranku. Waɗanda aka fara hanawa sai suka fi yawan tuna ta a kan waɗanda tun farko aka ce su tuna. A 1994 Wegner ya fito da bayaninsa. Mai danne tunani yana yin aiki biyu lokaci guda: yana neman wani abin da zai cika ransa da shi, yana kuma dubawa ko abin da ya kora ya dawo. Aikin farko yana cin ƙarfi, kuma gajiya da yunwa da tsoro da rashin barci suna karya shi. Na biyun ba ya gajiya. Yaron da aka sa korar tsuntsu a gonar shinkafa a fadamar Wurno, don ya tabbata babu tsuntsu dole idonsa ya wuni neman tsuntsu, har ya koma gida bai ga komai a duniya ba sai tsuntsu. Sa idon da Malam ya ce a yi dare da rana, wannan gadin ke nan.

Binciken da ya biyo baya ya nuna wannan dawowa ba wani mai girma ba ne ga lafiyayyen mutum da aka hana tuna dabbar da ba ruwansa da ita. Amma mai waswasi ba dabbar ƙanƙara yake kora ba. Yana korar abin da ya ɗauka zai kai shi wuta.

Nan ne Malam ya fi yin nisa da gaskiya, wato inda ya ɗauka zuwan tunanin shi ne ciwon. A 1978 Stanley Rachman da Padmal de Silva suka tambayi mutane lafiyayyu a Ingila, suka tarar kusan 80 cikin 100 suna samun irin waɗannan tunane-tunane: na cutar da wani, na batsa, na saɓo. A 2014 Adam Radomsky da wasu masana suka tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, har da Saliyo da Turkiyya da Iran, kusan 94 cikin 100 suka ce ya same su cikin watanni 3 da suka wuce. Ke nan liman da ladan da mai wannan rubutu, da shi kansa Malam, duk yana gifta mana. Yawancinmu mukan yi tsaki mu ci gaba da harkarmu. Mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari ne abin ke zame wa ciwo, kuma abin da ya raba su da sauran shi ne hukuncin da suke yanke wa kansu: tunda na tuna, ashe ni mugu ne, ashe na kafirta, ashe zan aikata. Daga wannan hukunci tsoro ke fitowa, daga tsoro kora ke fitowa, daga kora maimaici. Wanda ya gaya wa irin wannan mutum cewa mai cikakken imani ba ya waswasi, ya sa hannu ne a kan hukuncin da ke kashe shi a tsaye.

Maganar kuma ba ta da tushe a addinin da aka jingina ta gare shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun kawo wa Annabi (SAW) kukan suna jin abubuwa a zukatansu da faɗarsu ta yi musu girma. Bai tuhumi imaninsu ba, ya ma shaide su da tsantsarsa, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana cewa ƙyamar da suka ji ita ce abin da aka yaba. Usman ɗan Abil Asi ma ya kai kukan abin da ke rikita masa karatu a cikin salla. Ashe sahabbai sun yi waswasi, kuma ba su kame baki ba. Akwai kuma hadisin Buhari da Muslim da ya nuna an yafe wa al'umma abin da zuciya ta raya muddin ba a aikata ko an furta ba. Kai kuka wurin malami ko likita bai shiga wannan furuci ba, in ba haka ba da an hana sahabban nan.

Na san inda Malam zai tsaya. Zai kawo hadisin wanda Shaiɗan ke ja da tambayoyi har ya kai shi ga tambayar wa ya halicci Allah, inda aka umarce shi ya nemi tsari ya daina. Gaskiya ne. Amma me zai daina? Abin da ke hannunsa: zama yana ba tambayar amsa, yana neman hujja, yana sake awon imaninsa. Faɗowar tambayar ba a hannunsa take ba, ba a kuwa ɗora wa mutum abin da ba shi da iko a kai. Ibn Hajar al-Haitami, malamin Makka na ƙarni na 16, da aka tambaye shi maganin waswasi ya ce a kau da kai gaba ɗaya ko da kokwanton yana nan a zuciya, domin in ba a kula shi ba yakan tafi bayan ɗan lokaci. A lura da sharaɗin nan na ko da yana nan. Bai ce a jira zuciya ta wanku kafin a ci gaba ba.

Littattafan da muka karanta a zaure tun muna yara sun fi kowa fayyace wannan. A mazhabar Malikiyya, wanda ya tabbata ya yi alwala sannan ya yi shakkar ko ta karye, sai ya sake. Hukunci ne mai tsauri, har ya fi na sauran mazhabobi. Amma littafin Ahalari, a wurin da ya kawo hukuncin, nan take ya cire mai waswasi: shi babu komai a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta yi magana a kan mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi, kuma masu sharhi suka ce shi ne wanda take zo wa kullum ko da sau ɗaya. In ya yi shakkar raka'a uku ya yi ko huɗu, ba zai gina a kan uku kamar kowa ba. Zai share shakkar, ba zai kawo wata raka'a ba, sai ya yi ba'adi bayan sallama. Duba abin da malaman nan suka yi. Ba su taɓa tunanin ba ko kaɗan, ba su ce ya tabbata zuciyarsa ta natsu ba. Hannunsa suka riƙe daga buta. Suka ce tashi ka yi sallarka da kokwanton a ƙirjinka, ta yi. Mutumin da ya shekara yana sake alwala, wannan umarni ya fi masa ɗaci a kan kowace tsawa, don tsawa da ma ita ce sana'arsa.

Shekaru ɗaruruwa bayan haka, a 1966, wani masani mai suna Victor Meyer a asibitin Middlesex da ke Landan ya gwada kusan wannan a kan marasa lafiya biyu da magani ya gagara. Ya sa su fuskanci abin da ke ta da musu hankali, ya hana su maimaicin da suke fakewa da shi. Fargabar ta hau, ta yi ƙololuwa, sannan ta sauko da kanta. Wannan hanya ita ce yau kan gaba a duniya wajen maganin ciwon, kuma fiye da rabin waɗanda suka bi ta har ƙarshe suna samun sauƙi na a zo a gani. Har iyali tana shafa. Matar da mijinta ke tambaya sau goma ko ta ga ya wanke ƙafa, ko mutumin da ke yawo daga wannan zaure zuwa wancan yana neman fatawar ko ya saki matarsa a zuci, kowace amsa da aka ba su sauƙin minti kaɗan ce, gobe tambayar ta dawo da ƙanwarta. Ana koya wa iyali su amsa sau ɗaya su yi shiru, cikin tausasawa.

Wani abin dariya, in da abin na dariya ne: dabarar daka wa tunani tsawa ita ce ta Turawa. Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu, shi ya yayata ta daga 1958. A lokacin ana koya wa mara lafiya ya yi ihun dakatarwa, daga baya har aka ƙara da ɗaura roba a wuyan hannu a riƙa tsinka wa kai. Likitoci sun jingine ta ga masu waswasi saboda ba ta fid da su.

Batun kame baki kuwa, mata ne suka fi shan wahalarsa. A 2008 Nichole Fairbrother da Sheila Woody suka bi masu jego 100 a Kanada. Dukkansu sun sami tunanin wani haɗari zai faɗa wa jaririn, kusan rabi kuma sun sami tunanin da ba su so na su cutar da shi da hannunsu. Ka ɗauki yarinya mai haihuwar fari a Dinawa ko Achida. Ta je ɗiban ruwa da goyo, sai ta ga a ranta zanin ya kwance, jaririn ya faɗa rijiya, ko ma ita ta sake shi. Ta daina zuwa rijiya, ta ɓoye wuƙar yankan kuɓewa, ta fara miƙa wa kakarsa shi. Wa za ta gaya wa? In ta faɗa a ce aljanu ne, ko a ce mayya ce. Alhali firgitar da take yi ita ce shaidar ba ta son abin. Kalma ɗaya daga ungozoma ko ma'aikaciyar awo, cewa yawancin masu jego suna jin haka, za ta iya sauke mata rabin nauyin. Amma a nan akwai iyaka da dole a sani. Mai jegon da ta daina barci kwana da kwanaki, tana jin muryoyi, tana ganin jaririn ba nata ba ne, ko duk wanda ya fara shirya yadda zai kashe kansa, wannan ba na ƙyalewa ba ne, a kai shi asibiti a ranar. Wa zai bambance wannan da wancan in kowa ya yi gum?

Akwai kuma waɗanda Malam ya haɗa cikin masu waswasi alhali ciwonsu daban ne. A Yulin 2018 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 30 a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya tabbatar da mutuwar mutum 43. Wanda ya kwanta ƙarƙashin rumfa ranar nan yana jin harbi, in yau ƙarar babura ta sa shi zufa, ba raunin tawakkali ke damunsa ba. Tsoron ɗan bindiga a wurin da ɗan bindiga yake zuwa ma ba ciwo ba ne, hankali ne. Yawancin mutane abin yakan lafa musu cikin makonni, kuma ba daidai ba ne a tsare mutum sai ya ba da labari tun bai shirya ba. Ciwon shi ne in an yi watanni hoton yana dawowa ido biyu, barci ya gagara, mutum ya daina kasuwa, ya daina gona. A 1998 Anke Ehlers da abokan aikinta a Oxford suka bi kusan mutum dubu da suka yi haɗarin mota. Cikin abubuwan da suka nuna wa zai kai shekara da ciwon, har da yawan ƙoƙarin danne tunawa. Wanda aka ce masa manta kawai, ya gwada ya kasa, sau da yawa kemis yake nufa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan ƙwayoyi irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. Ba duka ne masu gudun tunani ba, amma duk wanda ya zauna da matasan garuruwanmu ya ji mai cewa yana sha ne don kansa ya huta.

Akwai hujjar da Malam bai kawo ba, bari in kawo masa. A 2023 Zulkayda Mamat da Michael Anderson na jami'ar Cambridge suka horar da mutum 120 daga ƙasashe 16 na kwana 3, wasu daga cikinsu a kan tsayar da tunanin abubuwan da suke tsoron su faru. Tsoron ya ragu, bai dawo da ƙarfi ba, amfanin ya kai watanni 3, kuma waɗanda suka fi damuwa su suka fi amfana. Bincike ne mai nauyi, ya kuma nuna ba kowane tsayar da tunani ke cutarwa ba. Sai dai a duba yadda aka yi. Ana nuna wa mutum kalmar da ke tuna masa abin tsoron, ya zuba mata ido, ya yarda ya gane ta, sannan ya ƙi bin ta zuwa cikin labarin, ga mai horarwa tare da shi. Babu gudu, babu zargin kai, babu ɓoyewa, babu gadin dare da rana. Wannan ya fi kusa da kau da kan da Haitami ya faɗa a kan abin da Malam ya rubuta.

Saura zancen cewa neman magani baƙon abu ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ware babi guda a kan waswasi a littafinsa na lafiyar jiki da ta rai. Ya ɗauke shi ciwo mai magani, ya gargaɗi mai shi da zaman kaɗaici da zaman banza, ya ce ya nemi amini mai hankali da zai riƙa gaya wa. Ba ma sai an je Balkh ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna ribaɗi a Wurno aka kuma rufe shi a can a 1837, ya rubuta littattafan magani, har da na ciwon ido da na basir. Mutanen ƙasar da hubbarensa yake ba su ne za a koya wa cewa magani kishiyar tawakkali ne ba.

Abin da ya rage mana shi ne kunya da ƙarancin ma'aikata. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, amma "an kai shi Kware" har yau zagi ne a bakin yara, kuma iyali sukan gwammace su sayar da akuya su zaga masu ruƙiyya kafin a ji sun bi wannan hanya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu aka sanar a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, tana nan a takarda, ƙananan asibitocinmu na karkara kuwa ba su gani a ƙasa ba tukuna. Kafin ta iso, limamin da ya karantar da babin mustankihi a fili, ya ce duk mai wannan hali ya same shi bayan salla, ya yi aikin da likita ba zai iso ya yi ba. Wanda abin ya ci masa sa'o'i a rana, ko ya hana shi nema, shi kuma a raka shi asibiti. Akwai magunguna irin su fluoxetine da ke rage ƙarfin waswasi, ba sa bugarwa, ba irin su tiramol ba ne. Sai dai a ciwon waswasi sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken aikinsu, don haka a gaya wa iyali tun ranar farko, kada a kai mako biyu a ce bai karɓe shi ba a watsar.